Sukari, daimon da zaiba: wane ɗauri ake tsinkewa idan abu ya narke?

Wata ɗaliba daga Gadarif ta ƙasar Sudan, mai shirin jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, ta aiko da wannan tambaya: "Malam, a darasin kimiyyar sinadarai mun rubuta cewa abubuwa masu ɗaurin tarayya suna saurin narkewa, aka ba mu misali da sukari, gishiri kuma ba ya narkewa da wuri don ɗaurinsa na ayon ne mai ƙarfi. Sai ga shi an ce daimon ma ɗaurin tarayya gare shi, alhali babu abin da ya kai shi tauri. To ɗaurin tarayya mai rauni ne ko mai ƙarfi? Sannan yayana yana aikin zinariya wajen Abu Hamad, suna amfani da zaiba, wai ƙarfe ce amma ga ta ruwa-ruwa. Ni dai haddacewa nake yi, ban gane ba."

'Yata, Allah ya ƙara basira. Duk ɗalibin da ya tsaya a wannan gaɓa ya ce maganar ba ta haɗu ba, to da hankalinsa yake karatu. Ɗaurin tarayya, wanda littafinku na Larabci yake kira rabiɗa tasahumiyya, ɗauri ne mai ƙarfi ƙwarai, a cikin sukari da cikin daimon baki ɗaya. Abin da kuka rubuta rabin magana ne. Ragowar ita ce, duk sa'ad da aka ce abu ya narke, ko ya tafasa, ko ya fashe, ki tambayi kanki wane ɗauri ne aka tsinke kafin hakan ta faru. Sau da yawa ba wanda kike zato ba ne.

Ki samo tsofaffin cokula biyu na ƙarfe, ki zuba sukari a ɗaya, gishiri a ɗaya, ki ɗora su a kan garwashin da Inna take dafa shayi. Sukarin zai fara jiƙewa daga gefe, ya zama ruwa garai-garai, sannan ya ɗauki launin zuma, ƙamshi ya tashi, ya yi ja, in kika ƙyale shi ya kumbura ya yi hayaƙi, ya bar miki baƙin gawayi a cokali. Wajen digiri 186 a ma'aunin Salshiyas wannan yake farawa. Gishirin kuwa sai dai ki ji yana tas-tas, wasu ƙwayoyin suna tsalle saboda ɗan ruwan da ya maƙale a cikinsu ya zama tururi, amma ko gezau. Shi sai zafi ya kai 801.

Sukarin da ake yi da rake a Kenana da Sinnar, kowane molekul nasa ƙulli ne guda mai zarra 45 (zarra ita ce atom, mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari): kabon 12, haidirojin 22, oksijin 11. A cikin ƙullin, zarra da maƙwabciyarta suna tarayya a kan ilektaron biyu, kamar yadda Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana a 1916. Tsinke irin wannan ɗauri tsakanin kabon da kabon yana cin makamashi kusan kilojul 350 a kowane mol, wato ma'aunin da ake ƙirga yawan zarra da molekul da shi. Amma tsakanin molekul da molekul babu tarayya, sai ɗan jan juna, wanda ko mai ƙarfin cikinsa bai cika wuce kilojul 20 zuwa 30 ba. Ki tuna tarin buhunan dawa a kasuwar amfanin gona ta garinku. Kowane buhu an ɗinke bakinsa tamau, amma tsakanin buhu da buhu babu ɗinki, jingina ce kawai. Idan tarin ya rushe, buhuna ne suka gangara, ɗinkin yana nan. Narkewar abu mai molekul ke nan. Ƙanƙara da kyandir sun fi sukari nuna wannan a fili, don suna narkewa su sake daskarewa ba tare da sun canza ba. Shi sukari, zafin da yake narkar da shi ya riga ya kai inda ɗaurin cikinsa ma yake fara ɓallewa, shi ya sa yake yin ja, kuma farin sukarinki ba ya dawowa har abada.

Gishiri ba shi da molekul ko ɗaya, kuma rubutun NaCl ne yake ɓoye wa ɗalibai wannan. Sodiyam ya sallama ilektaron ɗaya ya zama ayon mai cajin mujab (+), kulorin ya karɓa ya zama ayon mai cajin salib (−). Daga nan babu wani sodiyam da yake da nasa kulorin shi kaɗai. Kowane sodiyam yana tsakiyar kulorin shida, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, kowane kulorin ma yana tsakiyar sodiyam shida, jerin kuma bai tsaya ba sai a bakin ƙwayar. NaCl lissafi ne kawai, wato ɗaya a kan ɗaya. William Bragg da ɗansa Lawrence ne suka gano wannan jeri a Ingila a 1913, ta hanyar haska ƙwayar gishiri da hasken eksire, aka ba su kyautar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25. Ke ma za ki iya ganin alamarsa. Ki narkar da gishirin Bur Sudan, wanda ake samu ta shanya ruwan Bahar Maliya a rana, ki zuba ruwan a faranti ki ajiye a inuwa ya bushe a hankali. Ƙwayoyin da za su fito masu kusurwa huɗu ne daidai wa daida. Babu wanda ya yanka su, jerin ayon ne ya fito fili. Narkar da irin wannan gini yana nufin a girgiza kowane ayon har ya kufce wa shida da suke riƙe da shi, shi ya kawo 801. Idan cajin ya ninka, kamar a magnesiyam oksaid inda kowane ayon yake da caji biyu, sai zafi ya kai kimanin 2,850, shi ya sa ake yin tubalin cikin tandun narkar da ƙarfe da shi.

Jerin nan kuma shi yake bayyana sauran halayen gishiri, ba sai kin haddace su ɗaya-ɗaya ba. Ki buga ƙwayar da taɓarya, ba za ta lanƙwashe ba, darewa za ta yi. Bugun yana gusar da layi ɗaya taki guda, sai mujab ya fuskanci mujab, salib ya fuskanci salib, su ture juna, ƙwayar ta rabe da fuska mai sulɓi. Busasshen gishiri ba ya ɗaukar wutar lantarki, ba don babu caji a cikinsa ba, sai don cajin a ɗaure yake. Da zarar ya narke, a wuta ko a ruwa, ayon sun sami sararin tafiya, wuta ta wuce. Ki gwada da ƙaramin batir mai bolt 9, da ɗan ƙwan fitila irin na tocila, da waya biyu a tsome a kofi. Ruwan gishiri zai kunna ƙwan, ruwan sukari kuwa ba zai ƙara komai a kan hasken dishi-dishin da ruwan rijiya yake bayarwa ba, don molekul ɗin sukari ba shi da caji. Da batir kawai na ce, kada ki kusanci wutar bango da wannan gwaji.

Narkewa a ruwa daban take da narkewa a wuta. Molekul ɗin ruwa a lanƙwashe yake, oksijin kuma ya fi haidirojin jan ilektaron, don haka ɓangarensa ɗaya ya karkata ga salib, ɗayan ga mujab. Sai ya zagaye kowane ayon da ɓangaren da ya dace, ya ɓamɓaro shi daga jeri. Gram 100 na ruwa yana ɗaukar kimanin gram 36 na gishiri, ko kin tafasa shi kaɗan zai ƙara. Sukari kuwa yana da rassa takwas na oksijin da haidirojin a jikinsa, ruwa yana kama shi ta kowanne, shi ya sa gram 100 na ruwan sanyi yake shanye kimanin gram 200 na sukari, tafasasshe ya shanye fiye da ninki biyun haka. Wannan kamun shi ake kira ɗaurin haidirojin, kuma shi ne mai ƙarfi a cikin jan junan da ke tsakanin molekul. Shi ya riƙe ruwa a matsayin ruwa. Haidirojin salfaid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, nauyin molekul ɗinta 34 ne, na ruwa 18, amma tana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifili, ruwa sai 100. Ba don ɗaurin haidirojin ba, da kogin Nilu iska ne. Duk da haka ki lura, tururin da yake fita daga bakin buta H2O ne har yanzu. Raba molekul ɗin ruwa da 'yan'uwansa yana cin kilojul 41 a kowane mol, tsinke ɗauri guda a cikinsa kuwa kimanin 460. Wancan 41 ɗin shi ne zafin da raɓar jikin tulu take kwashewa idan ta tashi, ruwan ciki ya yi sanyi a tsakiyar zafin Afrilu.

Yanzu ga daimon ɗinki. Ɗaurinsa iri ɗaya ne da na cikin sukari, kabon da kabon suna tarayya. Bambancin shi ne a daimon ɗaurin ba ya ƙarewa. Kowace zarrar kabon tana riƙe da huɗu, kowace cikin huɗun tana riƙe da wasu, ta kowace fuska, har dutsen gaba ɗaya ya zama molekul guda. Babu wani rauni a tsakani da zafi ko guduma za su bi. In za ki karce shi, dole ki tsinke ɗaurin tarayya kansa, dubban miliyoyi a lokaci ɗaya. Shi ya sa yake lamba 10, ƙololuwar ma'aunin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kuma ba ya ɗaukar lantarki, don dukan ilektaron huɗu na kowace zarra suna bakin aiki.

Abin da ya fi burge ni a duk wannan babi shi ne bakin fensirin da kike rubutu da shi. Girafait ne, kuma kabon ne zalla kamar daimon. Lavoisier ya ƙona daimon a Faransa a 1772 da hasken rana ta cikin babban gilashi, Smithson Tennant kuma ya tabbatar a 1797 cewa iskar da take fita daga ƙonawar daidai take da wadda gawayi mai nauyinsa yake bayarwa. Zarra iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya, amma ɗaya yana yanka gilashi, ɗaya yana gogewa a takarda. A girafait kowace kabon tana riƙe da uku ne kawai, a shimfiɗe, zobe-zobe masu kusurwa shida, sai suka zama faifai a kan faifai. A cikin faifan tazarar zarra da zarra nanomita 0.142 ce (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita), tsakanin faifai da faifai kuwa 0.335, fiye da ninki biyu, kuma a nan babu tarayya sai raunanan jan juna. Idan kika ja fensir, faya-fayan ne suke zamewa su zauna a takarda. Ilektaron na huɗu da ya rage wa kowace zarra yana yawo a faɗin faifan, shi ya sa girafait yake ɗaukar lantarki ko da yake ba ƙarfe ba ne. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov sun yi ta ɓare girafait da salatif a Jami'ar Manchester har suka ware faifai guda mai kaurin zarra ɗaya, aka ba su Nobel a 2010. Ga abu ɗaya da yake da ɗauri mai ƙarfi da mai rauni a jikinsa, kowanne da fuskar da yake aiki. Wanda ya haddace jadawali kawai ba zai san inda zai ajiye shi ba.

Yashi ma dangin daimon ne. Kabon da silikon rukuninsu ɗaya a jadawalin sinadarai, kowanne yana haɗuwa da oksijin biyu, CO2 da SiO2. Amma kabon ƙarama ce, tana yin ɗauri biyu-biyu da oksijin ta rufe molekul mai zarra uku, sai ya zama iskar da muke fitarwa a numfashi, wadda ba ta daskarewa sai a digiri 78 ƙasa da sifili. Silikon kuwa tana riƙe oksijin huɗu, kowane oksijin yana riƙe silikon biyu, saƙar ba ta yankewa, sai zafi ya kai wajen 1,700 kafin ta narke. Taurinta 7 ne, ya fi na gilashi, shi ya sa ƙurar guguwar habub take dusashe gilashin mota, kuma farin dutsen da yayanki suke niƙawa don fitar da zinariya yake cinye ƙarfen injin niƙa.

Ko a tsakanin masu molekul, siffa tana da nata hukunci. Iskar gas ta girki mai kabon huɗu tana tafasa kusa da sifili, fetur da dizal masu doguwar sarƙa ruwa ne, kakin kyandir mai kabon fiye da ashirin daskararre ne, don dogon molekul ya fi samun wurin jingina da maƙwabcinsa. Man riɗin Gadarif da man shanu kuwa lanƙwasa ce ta raba su. Sitiyarik asid da oliyik asid duk kabon 18 gare su. Na farko miƙaƙƙe ne, yana jeruwa tsaf, yana narkewa a 69. Na biyu yana da ɗauri biyu a tsakiya da ya lanƙwasa shi, ba ya jeruwa, yana narkewa wajen 14. Man riɗi ya cika da lanƙwasassu, man shanu miƙaƙƙu sun fi yawa a cikinsa, shi ya sa yake daskarewa da sanyin hunturu.

Akwai kuma wanda littafi ba ya cika kawowa, alhali arzikin ƙasar nan ne: ƙaro, wanda ake tsaga itacen hashab, wato ɗakwara, a Kurdufan a kai kasuwar Ubayyid. Molekul ɗinsa ƙato ne mai rassa barkatai, ginin ƙananan sukari irin su galaktos da arabinos, da ɗan furotin kaɗan. Rassan ba sa barinsa ya jeru, don haka ba shi da kusurwa irin ta gishiri, ba shi da takamaiman digirin narkewa, in kika fasa shi kuma ɓarin gilashi yake yi. Ki dubi yadda almajirai suke haɗa tawada a halwa, wato makarantar allo. Baƙin tukunya kabon ne, ba ya narkewa a ruwa, in an zuba shi kaɗai dunƙulewa yake ya kwanta a gindin kurtu. Da an jefa ƙaro an dama, sai ya lulluɓe kowane ƙwayar baƙin, rassansa na waje su kama ruwa, tawada ta tsaya baƙa wuluk tana bin alƙalami. In ta bushe ƙaron ya manna ta a allo, in an kawo ruwan wanki kuma ya sake narkewa ya tafi da ita. Wannan aikin dai shi yake yi wa kamfanonin lemo a duniya, yana riƙe ɗigon mai a cikin ruwa kada su rabu.

A jarrabawa, in aka ce ki bayyana dalilin wani hali na abu, kada ki tsaya a sunan ɗauri. Ki faɗi me aka gina abin da shi, ayon ne, ko molekul, ko zarra a saƙe. Ki faɗi abin da yake riƙe su da juna, sannan ki ce ko shi ne zafin zai tsinke. Kada ki taɓa rubuta cewa ɗaurin tarayya yana tsinkewa idan ruwa ya tafasa, nan ne ɗalibai da yawa suke zubar da maki.

Saura ƙarfe. A ƙarfe kowace zarra tana sakin ilektaron ɗinta na waje, su zama na kowa, suna yawo a tsakanin ayon masu cajin mujab suna riƙe su. Yawon nan shi ne ɗaukar lantarki da zafi, shi ya sa mariƙin cokali yake ƙona hannu tun sukari bai narke ba. Kuma idan guduma ta gusar da layi, babu cajin da zai ture ɗan'uwansa kamar a gishiri, ilektaron suna bin layin duk inda ya koma, sai ƙarfe ya baje maimakon ya fashe. Gram ɗaya na zinariya ana iya buge shi ya rufe kusan rabin murabba'in mita. Masu haƙa sun san wannan tun ba a aji ba: dutsen nan mai ƙyalli da yake yaudarar sabon shiga, wanda ƙarfe ne da farar wuta a haɗe, marmashewa yake a ƙarƙashin guduma, zinariya kuwa lotsawa take. Taushin nan ne ma ya sa maƙera suke haɗa ta da jan ƙarfe da azurfa. Zinariya mai lamba 21 da ake sa wa amare, kashi 21 cikin 24 ne zinariya, baƙin zarra da suka shiga tsakani suna tare layukan kada su zame.

Zaiba tana lamba 80 a jadawali, zinariya 79, maƙwabta ne ƙofa da ƙofa, amma zinariya tana narkewa a 1,064, zaiba a digiri 39 ƙasa da sifili. Zinariya tana da ilektaron ɗaya a matakinta na waje, tana bayar da shi ga ɗaurin ƙarfe. Zaiba tana da biyu da suka cika matakin, cibiyarta mai nauyi kuma ta janyo su kusa ta riƙe gam. A zarra masu nauyi haka ilektaron suna gudun da ya kai wani babban kaso na gudun haske, har sai an shigo da ka'idar Einstein kafin lissafin ya fita daidai. Tun da tana rowar ilektaron, riƙon da ke tsakanin zarra da zarra ya yi rauni, zafin ɗaki ma ya isa ya sa su zamewa. Tana narkar da ƙurar zinariya a cikinta don duka biyun ƙarfe ne, ta bar yashi. Da aka ɗora dunƙulen zaiba da zinariyar a wuta, zaiba tana tafasa a 357 ta tashi, zinariya ta zauna.

A nan ne nake so ki kai wa yayanki saƙo, don raunin riƙon nan shi ne haɗarin. Zaibar da ta tashi ba ɓacewa ta yi ba, tururi ta zama, mara launi mara wari, yana shiga ta huhu ya kai ƙwaƙwalwa da ƙoda. Alamominsa rawar hannu, mantuwa, rashin barci da kumburin dasashi, kuma ya fi yi wa yara da masu juna biyu illa. Wadda ta zube a ruwa kuma tana komawa jikin kifi, irin gubar da aka gano a Minamata ta Japan a 1956, wadda aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba sunanta. Ko ba a kan wuta ba zaiba tana tashi a hankali, balle a zafin arewa. Kada ya ƙona dunƙulen a cikin ɗaki ko rumfar kwana, ko a kan murhun girki. Ya nemi rufaffiyar tukunyar ƙonawa mai bututu, wadda take sanyaya tururin ya koma zaiba a cikin ruwa, ya sake amfani da ita. Ragowar ya ajiye ta a kwalba mai murfi da ɗan ruwa a samanta, kayan aikinsa kuma ya bar su can, kada ya shigo da su gida cikin kayan ƙannenku.